Tiya huɗun Gwaggo

Muna idar da sallar asuba muka bar Tasawa, ni da wani abokin aikina, a wata tsohuwar mota mai tari. Gwaggona za ni gani, a ƙauyensu da ke bayan Gidan Amumune. An ce mini shukarta ta fari ta ƙone, kuma na san tiya huɗu na irin gero ne suka rage mata a tulu. Niyyata in hana ta zuba su a ƙasa.

Sojoji suka duba takardunmu a shinge, muka wuce. Daga nan hanya ta koma kamar mafarki. Gonaki shimfiɗe har inda ido ya gaji, gero ya leƙo ya tsaya, ganye a naɗe. Farin gajimare na wucewa a hankali, bai ko kalle mu ba. Ina gyangyaɗi ina ganin daminar ƙuruciyata, lokacin da mukan ɓace cikin hatsi sai an yi ta kira.

Kasuwar Mayahi ce ta farkar da ni. Kuɗin tiya biyu na kaka yau da ƙyar yake sayen ɗaya, 'yan kasuwa kuma sun ce ba sauƙi sai sabon hatsi ya shigo. Mai fura ma ta rage hannu, har abokina ya ce curin da aka dama mana bai fi ƙwan zabo ba.

A nan muka bar mota, kabu-kabu ne ya ƙarasa da mu. Na iske Gwaggo a gona da sungumi tana binne, wato shuka a busasshen yashi kafin ruwa ya sauka. Rabin irin ya riga ya shige.

Na ce, "Gwaggo, ki bar sauran. Hatsi tashi zai yi ta yi, ko ki ci ko ki sayar."

Ta ce, "In na ci, kwana nawa za ya kai ni, ɗan nan? Wanga iri tun na kakanka ne. Amshi ƙwarya."

Na karɓa. Tana sara, ina zubawa ina rufewa da diddige, har ƙwarya ta ƙare.

Da magariba muka shigo Tasawa, takalmina cike da yashi. Tafiyar ta nuna mini ni farashi kawai na sani. Abin da mutum zai yi da irinsa na ƙarshe, Gwaggo ce ta sani. Yau kwana shida ba ruwa, kuma tsoro nake ji. Kullum da safe, kafin in tambayi kuɗin tiya, sai na fita na duba gabas, don da hannuna na binne na ƙarshen.