Gwaggo Tani da Yaron da Ta Kai Juji

Kullum da hantsi Gwaggo Tani kan dogara sandarta ta zaga gidajen masu jego a Cadakori, ta duba cibiyar jariri, ta tsoma hannu a ruwan wankan uwa ta ji zafinsa. Ungozoma ce, amma aikinta bai tsaya ga karɓar haihuwa ba. Liman ya raɗa sunan yanka a ƙofar gida, ita kuma ta ba da na cikin gida, wanda ke faɗin yadda yaro ya zo duniya. Wanda ya faɗo ana tsakar noma, Nomau. Namijin da ya biyo bayan mata, Tanko. Ko a rugar Fulani, in ta karɓi ɗa na biyu sai ta ce, "Ga Sambo ya iso," tsofaffi su yi dariya su cika mata ƙwarya da nono.

Dattawan garin ba su manta da Halima matar Inusa mai kanwa ba. 'Ya'ya huɗu ta binne, babu wanda ya kai yaye. Da na biyar ya zo, sai ta juya fuska bango, ta hana shi nono.

"Mi zan shayar, Gwaggo? Abin da za a ɗauke gobe?"

Gwaggo ta naɗe jaririn a tsumma, ta kai shi juji ta ajiye, ta ɗaga murya: "Ba mu so! Kowa ya tsinta nashi ne!" Halima ta jiyo kukansa ta bayan danga, ta fito da rarrafe ta wawuri abinta, ta sa masa nono a baki. Aka kira shi Ajuji, Allah kuma ya raya shi.

"Mutane sun ce wai na ruɗi mutuwa," in ji Gwaggo. "Wa ya isa ya ruɗi mutuwa? Uwar na tayar."

Ajuji ya girma, ya buɗe kanti a Maraɗi, ya koma amsa sunan yankansa, Muhsin. Bara matarsa ta haihu, ya kawo bikin suna gida. Halima ta daɗe da rasuwa. Gwaggo ta ci ado ta taho don ta ba jaririn nasa sunan, ta hango uban cikin abokansa, murna ta kwashe ta.

"Ajujina! Kai ne ka zama uba?"

Ya ɗaure fuska. "Tsohuwa, Alhaji Muhsin nike. Camfinku ba zai shiga gidana ba. A zuba mata tuwo ta tafi."

Ƙofar gidan cike take da mazan da ta yanke wa cibiya. Babu wanda ya ɗaga kai. Ta bar kwanon tuwon inda aka dire shi, ta juya.

Har yau tana karɓar haihuwa, amma ta daina ba da suna. In uwa ta ce, "Gwaggo, wa za mu ce da shi?" sai ta amsa, "Ku tambayi liman, ɗiyata. Nawa sunayen nauyi gare su."

Ke ce uwar masu jego, Gwaggo, rumfa sha rana. Ke kika ba mutum sunan da ya sa aka shayar da shi, ya ƙoshi ya ce wari yake. Mun gode, Allah ya biya ki, tunda mu mun kasa.

Ku kuma matan Cadakori masu tasowa, ku bi ta zuwa gidajen jego ku koya tun tana iya tafiya. Yara nawa aka haifa bana, kuma babu ko ɗaya da zai girma ya ji a sunansa yadda uwarsa ta same shi.