Ƙafafun da Suka Daina Jin Kirana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina taka keken ɗinki a shagona na Gomari. Wata Juma'a na hau keke napep zan je Abbaganaram gaida mahaifiyata, mota ta buge mu ta baya. Da na farfaɗo a asibiti, likita ya ce ƙashin bayana ya karye, lakar da ke cikinsa ta ji mummunan rauni. Daga cibiya zuwa ƙasa ban ƙara jin komai ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Ya, ita ta tare a gidana. A wata na uku, tana goge mini jiki da safe, sai ƙafata ta dama ta zabura, ta miƙe tana karkarwa. Ya ta saki tsumman ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka shigo. Ni ma na yi kukan murna. A raina har na fara yanka laffayar da zan sa ranar da zan koma shago.

Mai yi mini gashin ƙashi wata mata ce 'yar kudancin Borno, malamar asibiti mai sanyin murya. Da ta zo muka ba ta labari, ta tsuguna ta kama ƙafar ta ce, "Yaya, ki ce mata ta motsa."

Na ce mata. Na tattara duk ƙarfina na ce mata. Ko yatsa bai motsa ba.

"To me ya motsa ta jiya?" in ji Ya.

"Mama, lakar da ke ƙasan raunin tana nan da ranta," in ji malamar. "Saƙon ƙwaƙwalwa ne ya daina isa gare ta, shi ya sa ta koyi amsawa ita kaɗai. In an taɓa ƙafar, ita ke sa ta zabura, ba 'yarki ba."

Ya ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

A hankali na gane jikin nan ya samo wasu hanyoyin yi mini magana. In marata ta cika, ƙafafun su fara harbi. Wata rana suka yi ta zabura tun safe, muka duba sai ga allura ta soke ni a cinya ban sani ba. Fatar da ke saman cibiyata, daidai inda ji ya tsaya, ta zama mai tsananin ji, ko bakin zani ya goge ta sai na san da shi. Malamar ta koya mini amfani da sandarewar ƙafafun in zan sauka daga gado zuwa keken guragu. Kafaɗuna suka buɗe, riguna suka matse ni.

Wani Inyamuri mai sayar da kayan keken ɗinki, wanda na daɗe ina ciniki da shi, ya zo har gida ya ɗaura wa keken ɗinkina mariƙin hannu. Na koma ɗinki. Amma har yau, in na fara juya shi, ina jin ƙafafuna suna takawa a cikin kaina, dama gaba, hagu baya. Sai na leƙa ƙarƙashin tebur in gan su a ajiye yadda aka ajiye su.

Abubuwan da nake kewa ƙanana ne. Zafin yashin tsakar gida da azahar. Ƙaiƙayin cizon sauro a idon sawu. Gajiyar ƙafa bayan an dawo daga biki.

Sallar da ta wuce, Ya ta kwaɓa lalle ta ce ba za a yi salla ƙafafuna farare fat ba. Ta ɗora su a cinyarta tana shafawa, yatsa bayan yatsa. Na san lalle yana da sanyi, na tuna sanyinsa sarai. Na rufe ido ina jira ya iso.

"Kin ji wani abu?" ta tambaya, ba ta ɗago kai ba.

"A'a, Ya. Amma ki ci gaba."

Ta ci gaba, ta ɗaure su da leda, muka zauna muna jira ya kama.