Injin Motar Maƙwabcina

Motar ta mahaifina ce. Daga Nijar ya shigo da ita lokacin da yake fataucin albasa, da ya rasu kuma ta faɗo rabona, don a cikin 'ya'yansa ni kaɗai na taɓa riƙe sifanar gyaran mota. Na yi zaman gareji kafin a tura ni makarantar horon malamai. Mota ce mai shan gas, tana da turbo, wato wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi da ke gefen inji, hayaƙi na juya shi, shi kuma yana tura iska ciki. Idan ka taka ta sai ta ɗan yi jinkiri, sa'an nan ta yi fito ta fizge ka. Duk tsufanta ban taɓa jin kunyarta a kan hanya ba.

Ranar da ta mutu ina dawowa daga Gangara, inda nake koyarwa. Turbon ya fashe ta ciki, injin ya shiga shan baƙin mansa, ya dinga ruri yana ƙara gudu shi kaɗai. Na kashe makulli bai tsaya ba. Farin hayaƙi ya rufe hanya, na fita na koma gefe ina kallo, har na ji ƙara kamar an sauke taɓarya cikin turmi. Injin ya buga. Maƙwabcina ne ya zo da igiya ya jawo ni zuwa Sabon Birni.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu. Direba ne, yana jigila tsakanin Sabon Birni da Isa da wata tsohuwar mota mai shan fetur. Shi ne autan mahaifiyarsa, kuma tana zaune tare da shi. Tsohuwar idanunta sun yi yana, ba ta ganin komai sai haske da inuwa, amma kunnenta ƙalau. Dukanmu Inna muke ce mata. Kullum bayan sallar asuba za ka ji ya tada mota: kik ɗin da ke tada inji ya ja da ƙyar kamar mai ciwon ƙirji, injin ya yi tari, sa'an nan salansa, wato tukunyar hayaƙi, ta ɗauki kakkarwa, don tana da wani sako-sako a ciki da bai taɓa gyarawa ba. Sai muryar Inna ta biyo daga zaure, tana yi masa addu'ar sauka lafiya. Matata da wannan ƙarar take sanin lokacin ɗora koko.

Ran da ya jawo ni, muna kwance igiya ya ce, "Malam, na sha gaya maka wanga abin fito ba namu ba ne. Ka nemi inji irin nawa, wanda ko da dutse ka doke shi zai tashi."

Motata ta yi damina guda ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidana. Tayoyi suka sace, kaji suka maida ƙarƙashinta wurin ƙwai. Na nemi irin injinta har Sakkwato ban samu mai lafiya ba. Na koma hawan kabu-kabu zuwa makaranta.

Bayan an cire amfanin gona maƙwabcina ya rasu. Ya ɗauko fasinja daga Isa, ya hangi mutane da bindigogi sun tare hanya, ya yi ƙoƙarin juyawa da gudu, motar ta ƙwace ta wuntsila. Fasinjojin sun fita da raunuka, suka bazu cikin daji. Shi sitiyari ya danne masa ƙirji. Da aka kawo shi ina cikin waɗanda suka yi masa wanka.

Daga baya aka ɗauko motar aka sauke a ƙofar gidansu. Rufin ya lotsa har kan kujeru, amma gaban bai taɓu sosai ba. Matarsa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da yaran. Wan marigayin, manomi ne mai ƙarancin magana, ya dawo gidan don ya kula da Inna. Wata rana bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida.

"Malam, ka ɗauke wagga mota daga nan," ya ce. "Kullum Inna ta fito sai ta lallaba ta dafa ta, ta tsaya. Ba ni son gani. An ce injin lafiya lau yake. Ka sa wa taka, sauran ƙarfen a kai wa 'yan gwangwan."

Na ce masa ba jinsi ɗaya ba ne, tawa gas take sha, tasa fetur. Ya ce shi bai san wannan ba, shi dai a kawar masa da ita. Na kwana biyu ina juya abin a raina, kuma duk tunanina a kan ƙarfe yake: ko zai zauna, ko giya za ta yarda. Ban yi tunanin wani abu bayan wannan ba.

Na kira wani bakanike da muka yi zaman gareji tare, yanzu gemunsa ya yi fari kamar nawa. Da ya gama aikinsa na kasuwa sai ya biyo da yamma. Muka turo motar marigayin cikin gidana, muka rataya sarƙa a babban reshen dogon yaro, muka fara da tawa. Fitar da mataccen injin bai ba mu wuya ba. Da ya tashi sama yana lilo, baƙin mai na ɗiga, na ga ramin da ƙarfe ya huda a cikinsa, hannuna zai iya shiga.

Shigar da ɗayan ne aiki. Ƙafafun injin ba su faɗa inda na tsohon suke ba, sai da muka kawo mai walda ya yanka ƙarfe ya ƙera sababbi, na farko suka karkace, aka sake. Giyabos ɗina ya ƙi haɗuwa da shi, dole muka ɗauko na marigayin, shi kuma ya sa sandunan da ke juya tayoyi suka gaza, aka yanka aka ƙara. Muka sauke tanki muka wanke shi da fetur har warin gas ya fita. Wayoyi kuwa sun kusa haukata mu. Na motata na da launi iri-iri, na marigayin kuma duk sun sha ɗauri da baƙar roba, wasu ma da tsumma. Ina kwance su ina ganin yadda yake ɗaure abu, yana murɗa waya hagu saboda shi bahago ne. A ƙarƙashin kujerarsa na tsinci goro ya bushe cikin leda, da hular yaro.

Zafin bazara ya shigo muna kan aikin. Ƙarfe ya yi zafi har ba a iya dafa shi da rana. Ƙasar tsakar gida ta yi baƙi, matata ta riƙa cewa ko tuwo warin mai yake yi. Na ƙarshe shi ne bututun hayaƙi. Nawa an yi shi don turbo ne, bai dace ba ko kaɗan. Bakaniken ya ce a ɗauko na marigayin gaba ɗaya har salansa, a miƙe inda ya lanƙwashe. Haka muka yi.

Ranar tayarwa, bayan la'asar, bakaniken ya ɗiga fetur a kafireto, inda mai ke shiga inji, ya ce in murɗa makulli. Kik ya ja da ƙyar. Na sake murɗawa, injin ya yi tari ya kama, salansa ta ɗauki kakkarwa. Bakaniken ya daki murfin mota yana dariya, ni kuwa na san wannan ƙarar kamar yadda na san kiran sallar unguwarmu.

Sai muka ji murya daga bayan katanga.

"Auta? Auta, kai ne?"

Na kashe makulli. Muka ji sandarta tana taɓa ƙasa da sauri, ta fito zaure, ta zagayo har ƙofar gidana, babu ko mayafi. Matata ta ruga ta riƙe ta. Inna ta tsaya tana juya fuska, tana neman inda ƙarar ta tafi. Can sai ta sauke numfashi ta ce, "Af. Ɗana, kai ne. An gaya mini an ba ka. Na manta." Ta yi mini addu'ar Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Matata ta maida ta gida, ta daɗe ba ta dawo ba.

Inna ba ta ruɗe ba, hankalinta garau yake. Ta san ɗanta ya rasu, ta san inda aka binne shi. Amma matata, wadda ke kai mata koko da safe, ta ce duk lokacin da na tada mota sai ta tarar da ita a tsaye bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe kafin ta tuna, sa'an nan ta koma ta zauna ta ƙi cin komai har hantsi.

Na canza salansa. Ƙarar ta ragu, amma jan kik ɗin da tarin suna nan. Na canza kik ɗin ma, tarin bai tafi ba, bakaniken ya ce halin injin ne. Sai na koma tura motar. Da na dawo daga masallaci sai in buɗe ƙofa in sa kafaɗa, hannu ɗaya a sitiyari, in tura ta cikin yashi har bayan rijiyar unguwa, can in tayar. Da yamma in kashe ta tun daga nesa in gangaro. Mutane suka ɗauka batir ne ba ni da shi, wasu har suna kama mini.

Ana haka Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarma, na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗana, mi ya sa kake wahal da kanka?"

Na ce ba komai, Inna, motsa jiki ne.

"Kar ka yi mini haka," ta ce. "Ina jin ƙofarka. Ina jin tayoyi cikin yashi, ina jin nishinka. Sai in zauna ina jira, ina jira, har in ji ta tashi can nesa kamar ya wuce bai yi mini sallama ba. Wanga ya fi ciwo. Ka tada abinka a gida."

Na ce za ni sayar da ita. Ta ce in na sayar wani ɗan garin zai saya, ta riƙa jin ta tana wucewa ba ta san ko wane ne a ciki ba. Na koma tayarwa a gida, ita kuma ta ci gaba da miƙewa.

Motar ma ba ta koma yadda take ba. Injin ƙarami ne, jikin kuma nauyi gare shi. Babu fito, babu fizga. A kan yashi sai ta yi ta nishi, lagireto na tafasa, giya ta biyu na fita da kanta. A hanyoyinmu na yanzu, mota maras gudu abin tsoro ce. Duk lokacin da na fita, matata ba ta zama sai na dawo.

Da damina ta kusa, ƙafafun Inna suka kumbura, wan marigayin ya ga ba zai iya haɗa gona da jinya ba. 'Yarta da ke aure a Isa ta ce a kai mata ita. Direbobin hanyar sun ragu, waɗanda suka rage kuma cusa mutane suke yi, tsohuwa ba za ta iya ba. Ya zo ya tsaya a ƙofar gidana yana murza hula, na gane abin da ya kawo shi, na ce, "Za ni kai ta."

Muka fita da hantsi, lokacin da motoci ke bin juna a jere. Muka kwantar da kujerar gaba muka zaunar da ita, shi ya zauna a baya da ƙullin kayanta da butarta. Da na murɗa makulli na saci kallonta. Ba ta motsa ba, leɓunanta kawai ke motsi. Muka bar gari, gonaki a share ana jiran ruwa, wasu kuma an bar su, ciyawar bara na tsaye a ciki. Ƙauyuka biyu da muka wuce babu hayaƙi a cikinsu.

Na san wurin da motar marigayin ta wuntsila, wansa ma ya sani. Akwai wata kwana da ƙaton itacen marke a gefe. Da muka doso ta ya dafa kafaɗata daga baya, na gane nufinsa, kada Inna ta gane, ban rage gudu ba, ban ƙara ba. Har yanzu akwai fasassun gilasai a gefen hanya. Muka wuce.

Mun yi nisa sai ta ce, "Mun wuce wurin?"

Ya ce, "Mun wuce, Inna."

"Ba ku gaya mini ba."

Ta ɗaga hannuwa ta yi addu'a a hankali, muka shafa tare da ita, ni da hannu ɗaya.

A Isa 'yarta ta fito da kuka, aka kama ta aka shigar da ita. An kawo mana fura, ban iya sha ba. Da za mu tafi na shiga yi mata sallama, ta riƙe hannuna ta ce in gaida matata, in ce mata ta yafe mata wahalar koko. Ta ce kuma mu kama hanya tun rana na sama.

Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Saƙon rasuwarta ya iso mu a wata rana da aka hana bin hanyar, don haka ni da matata ba mu samu jana'iza ba. Wan marigayin ya tafi a kan babur ta cikin gonaki, ya isa bayan an dawo daga maƙabarta. Da ya komo ya rufe gidan ya tare a ƙauye kusa da gonarsa. Yanzu wasu baƙi ne a ciki, waɗanda aka kora daga garinsu, iyali uku a gida ɗaya. Muna gaisawa da su ta kan katanga.