Matar da Ta San Hancin Kowala Talatin da Ɗaya

Noreen Tuckwell ba ta taɓa barin ashana ta kwana a gidanta ba. Mutanen garin Warrabin sun san dalili, don haka ba mai tambaya. Tana 'yar shekara tara wutar daji ta cinye gonar ubanta. Uwarta ta ja ta suka faɗa tafkin da shanu ke sha, ta lulluɓa musu jiƙaƙƙen bargo, suka yi awa uku a ruwa iya wuya suna jin kukan shanun da ba su samu fita daga shinge ba. Tun daga ranar, da ta ji ƙaurin hayaƙi, ko da na maƙwabci ne yana gasa nama, sai ta tashi ta rufe tagogi.

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta. Bayan ta yi ritaya, zaman gida ya fara isar ta, sai ga wata malamar jami'a, Dakta Lim, ta zo zauren taron gari da hotuna. Ta ce kowane kowala, wato wata ƙaramar dabba mai tattausan gashi da ke rayuwa a kan bishiya, yana da zane fari-fari a ƙofofin hancinsa, kuma ba biyun da nasu ya zo ɗaya. Abin da take nema, mutanen da za su riƙa shiga daji su ɗauko hoton hancin, su rubuta rana da bishiyar da suka ga dabbar a kai, su aiko mata. Da haka za a san nawa suka rage, ba sai an kama su ba.

Col, mijin Noreen, ya zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke da kike gane yara arba'in ta madubin mota, har wanda ya saki tusa kin san shi, hanci ne zai gagare ki?"

Bai kuwa gagare ta ba. Cikin shekara shida ta san kowala talatin da ɗaya a dajin bishiyoyin turaren da ke bayan gari, ta raɗa musu sunayen yaran da ta yi ta ɗauka. Akwai Dougie, ƙaton namiji mai gurnani kamar tsohon babur. Akwai Bev, wata 'yar ƙaramar mace mai zane kamar ƙugiya a hancin hagu. Wuyan Noreen ya sage don ɗaga kai, amma ba ta taɓa kuka da shi ba. Abu ɗaya ne dai: in zafi ya kama, ba ta shiga daji sai ta saurari labarin wutar daji a rediyo sau biyu.

Ranar da abin ya faru, a tsakiyar zafin Janairu, wanda a ƙasarsu shi ne lokacin bazara, ta saurara sau uku. Wuta tana can bayan duwatsu, kilomita arba'in, kuma iska tana kora ta nesa da su. Ɗan Bev ya fara hawa bayan uwarsa, har yanzu Noreen ba ta samu hoton hancinsa ba.

"Nor, yau ba ranar daji ba ce," in ji Col.

"Kafin ka gama da jaridarka na dawo."

"Haka kika ce ranar aurenmu, na yi minti arba'in a tsaye a coci."

Ƙarfe takwas da rabi ta samu Bev a kan bishiyarta ta kullum. Ta ɗaga kyamara tana jiran ɗan ya juyo. Sai wani abu ya sauka a hannunta, a hankali kamar malam-buɗe-littafi. Ganye ne, baƙi ƙirin, da ɗuminsa. Wani ya biyo shi. Ta lura tsuntsaye sun yi tsit. Iskar da ke bayanta ɗazu, yanzu a fuska take dukan ta, da zafi kamar an buɗe tanda.

Ta so ta gudu, ƙafafun suka ƙi. Ta tsaya tana kallon Bev ta goya ɗanta tana ƙara hawa sama, can ƙololuwa, inda wuta ta fi ci. "Sauko, 'yar banza, sauko!" Noreen ta yi ihu, muryar ta fito kamar ba tata ba. Bev ko kallon ta ba ta yi ba.

Ba ta san yadda ta kai wurin motarta ba. Sau uku makulli yana suɓuce mata. Kafin ta hau babban titi rana ta koma ja, sannan ta ɓace gaba ɗaya, ƙarfe tara na safe duhu ya rufe har sai da ta kunna fitila. A bayanta wani ruri yake tasowa, wanda ta sani, wanda ta shekara hamsin da biyar tana roƙon Allah kada ta sake ji. Ta kama kanta tana magana da ƙarfi kamar da yara a motar: "Kowa ya zauna. Kada wanda ya tashi. Mun kusa." Haka ta yi ta faɗa har ta hango fitilun 'yan kwana-kwana a filin ƙwallo, inda aka tara mutanen gari. Col ne ya ɓamɓare yatsunta daga sitiyari, ɗaya bayan ɗaya.

Gidansu ya tsira. Dajin kam, kashi biyu cikin uku ya tafi.

Bayan kwana tara Dakta Lim ta buga waya. An ba su izinin shiga neman waɗanda suka rayu, kuma ba wanda ya san bishiyoyin kamar Noreen.

"Ba zan iya ba, Dakta."

"Na sani, Misis Tuckwell. Ba zan matsa miki ba."

Noreen ta ajiye waya, ta zauna bakin gado. Washegari ta sa hular kwano ta bi su.

Wannan tafiyar ta fi ranar wutar tsorata ta, domin ranar gudu ta yi, yau kuwa da ƙafarta take shiga. Toka har idon sawu. An gargaɗe su kada su taka inda ya yi laushi, don saiwoyi suna ci a ƙarƙashi har yanzu. Bishiyoyin da wuta ta rarake kuwa faɗuwa suke yi ba sallama. Wata ta zube tazarar taku ashirin daga gare su, ƙasa ta girgiza, Noreen ta durƙusa ta yi amai. Ta goge baki, ta nuna da yatsa: "Can ne wurin Dougie." Sun samu gawarsa a gindin bishiyar. Da hancin ta tabbatar, sannan ta juya baya.

A zauren makarantar firamare likitan dabbobi ya jera kwandunan wanki, kowanne da kowala a ciki, tafin hannuwansu a naɗe da bandeji. Mutane ne suka tsinto su a bakin titi da bayan gidaje, ba wanda ya san daga ina suka fito, kuma in aka sake su a yankin da ba nasu ba, wahala za su sha. Noreen ta bi kwandunan da kwamfutar hotunanta. Wasu hancin ya kumbura, sai an goge toka da auduga. Ta gane shida. A kwando na ƙarshe, da aka goge, ƙugiya ta bayyana a hagu.

"Ina ɗan?" ta tambaya.

"Ita kaɗai aka kawo," in ji likitan.

Cikin talatin da ɗayan, goma sha biyu aka sake gani da rai. Da hotunanta da kwanakin da ta rubuta Dakta Lim ta je gaban hukuma, aka hana sare bishiyoyin kwarin da wuta ta tsallake, inda yawancinsu suka fake.

A watan Mayu, da sanyi ya shigo, aka kai Bev bakin wannan kwarin, kusa da tsohon wurinta. Col ne ya buɗe kejin. Ta fito ta daɗe tana shinshina ɓawon wata bishiya, sannan ta kama hawa, tana ɗan ɗingisa hannun dama. Noreen ta ɗaga kyamara, amma hannunta ya ƙi tsayawa, hoton duk ya fito dishi-dishi. Col ya matso gabanta ya juya mata baya.

"Ɗora kyamarar a kafaɗata, tsohuwa. Yi maza kafin ta shige ganye."