Jirgin da Inna Take Jira

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, a ita ce gero ya bushe a tsaye a gonakinmu na gefen Ɗanbatta. A ita ce kuma Inna ta kwanta. Kumburi ya fara mata daga ƙafa, yana hawa a hankali.

Mu biyu ta haifa. Yayana ya tafi Ikko da daɗewa, bayan sun yi cacar baki da ita a kan gonar gado da ya so sayarwa. Ya faɗa mata magana, ita ma ta faɗa masa wadda ta fi zafi. Tun daga nan bai sake taka gida ba. Da ta ji jiki, ba ta da zance sai nasa.

Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin shanu zuwa kudu, ya shigo gaishe ta.

“Alhaji, Ikkon nan nisanta ya kai Makka?”

Ya yi dariya. “Haba Inna! Ai yanzu jirgi ya cinye nisa. Mutum ya yi azahar a Ikko, la'asar a Kano zai yi ta, har ya tsaya cin goro.”

Don ya kwantar mata da hankali ya faɗa, Allah ya sani. Amma ta riƙe maganar. Muka ba yaran Alhaji saƙo, suka tafi da shi a motar shanu.

Jiragen da za su sauka Kano wani lokaci ta kanmu suke bi. Duk wanda ya wuce sai ta ɗago kai ta tambaye ni.

“Malam ƙarami, shi ne?”

“Wataƙila na gaba, Inna.”

Na san ba shi ba ne. Alhaji ya gaya mini a zaure cewa dako yayana yake yi a kasuwa, abin da zai ci ma da ƙyar. Na kasa gaya mata. Ba ni da magani, ba ni da hatsin da zan dama mata kunu mai kauri. Sai in zauna ina karanta mata Yasin, ita tana sauraron sama.

Wata Laraba da hantsi ta daina tambaya. Ta kama hannuna, ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata har ta gamsu.

Bayan sadakar bakwai yayana ya iso, a saman motar goro, ya rame kamar mu. Na kai shi maƙabarta. Ya tsugunna a gefen kabarinta ya ce, “Ta bar magana?”

“Ta ce abin da ka faɗa mata ta yafe, duniya da lahira. Ta ce kai ma ka yafe mata nata, don ita ce babba, ita ya kamata ta yi shiru.”

Ya dafa ƙasar kabarin da tafin hannunsa.

“Na yafe, Inna,” in ji shi.