Bis ɗin da Kazar Kaka Ta Haɗiye

Wata Lahadi bayan sallar layya, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, Yaya Mamman ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar gidanmu a Zango, ya kwantar da ordinata biyu, wato kwamfuta, kamar ragunan da za a feɗe. Tsohuwar, kuran ɗin lantarki ne ya ƙona ta, amma a cikin diskinta akwai muryar kakanmu Malam, wadda Yaya ya ɗauka kafin rasuwarsa. Ya ce in dai diskin bai mutu ba, za a cire shi a dasa a sabuwar. Kaka ta jawo kujerarta ta zauna, ko furar da na dama mata ba ta kalla ba.

Yaya ya zare wayar kuran, ya taɓa ƙarfen akwatin, ya sa ni ma na taɓa, wai kada wutar jikinmu ta kashe diskin. Ya sa turnabis ya kwance 'yan ƙananan bis ɗin, wato ƙusoshi masu murɗi, da ke riƙe da diskin, ya zaro wani abu kamar sabulun wanki. "Yanzu Malam duk yana cikin wannan?" in ji Kaka. Don kada bis ɗin su ɓace, da kanta ta miƙo faifanta, ta manta akwai tsakin gero a kai. Ni aka ba aikin cusa hannu cikin sabuwar, tunda nawa ne siriri: faffaɗar waya, jan gefenta ya kalli ta kuran, a danna a hankali har ta zauna. Muna cikin haka, wallahi, sai ga wake-waken kazar Kaka ta haye faifai, ta haɗa da bis guda ta haɗiye!

Yaya ya dafe kai, ya fara cewa diski ba ya son girgiza. Kaka ba ta bari ya ƙarasa ba. Kazar da ko korarta ba mu isa mu yi ba, sai ji muka yi ta ce, "A kamo ta!" Kai, ranar mun sha gudu, daga bayan rumbu zuwa turken awaki, muna ihu muna faɗuwa. Aka yanka, aka tsaga ƙundu, ga bis yana ƙyalli. Yaya ya wanke shi, ya shanya, ya ɗaure, ya jona kuran.

Ya kunna sabuwar, ya lalubo muryar. Can sai muka ji tarin nan da muka sani, sannan, "Salamu alaikum, mutanen gida." Kaka ta gyara mayafi ta ce, "Wa alaikumus salam, Malam. Ka daɗe." Muka fashe da dariya, ita ma tana yi tana share hawaye.

Sai da muka girma Yaya ya gaya mini sauran bis ɗin ma sun isa, Kaka ce ba ta tsaya ji ba. Yau diski ya koma kamar ɗan yatsa, a shagona na gyaran ordinata kafin shayi ya huce na dasa shi, ba wanda ke jawo kujera. Kaka ta bi Malam tuni. Ita ba wanda ya tuna ya ɗauki muryarta.