Gwangwanin Yaya Ari

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Lahadi, 19 ga Oktoba 2025, Allah Ya karɓi ran yayana, Ari Mamman, sofer, wato direba, mai jigilar mutane tsakanin Zinder da Mirriya. Ni ce ƙanwarsa Falmata. Na so in yi wannan rubutu cikin sanyin zuciya, amma abin da kunnena ya ji a zaman makoki ya hana ni.

Yaya, kowa a tasha ya san dokokinka. Ba sandika, ƙungiyar direbobi, ce ta ɗora maka su ba, ba jandarma ba, kai ka zauna ka yanka wa kanka. Ba ka tayar da mota sai ka karya kumallo. Ba ka shan shayin da ba a gabanka aka dafa ba, don ka san irin ƙwayoyin da wasu ke jefawa ciki. Kafin ka murza makulli, sai ka kashe wayarka, ka saka ta cikin wani tsohon gwangwanin madara, ka tura ƙarƙashin kujera. Ni kaina na sha kiranka in ji ta a kashe, in yi ta mita, kai kuwa in ka dawo sai ka ce, “Falmata, in maganar alheri ce za ta jira ni, in ta mutuwa ce ban iya tayar da kowa.”

Dokar da ta fi jawo maka zagi ita ce ta sauka. Duk lokacin da mota ta tsaya a bakin kwalta, ko da faci ne, sai kowa ya sauka ya yi nesa da hanya. Tsofaffi su yi gunaguni, ’yan kasuwa su ce ka cika iyayi, direbobi su wuce suna danna maka oda suna dariya. Suka laƙaba maka Mai Doka, ba don yabo ba. Ba ka taɓa tanka musu ba, kuma ba ka taɓa sassautawa ba.

Ranar da abin ya faru, kana dawowa daga kasuwar Mirriya, mota cike da mata da buhunan gyaɗa, taya ta yi faci. Ka sauke su duka, ka kora su gindin wata bishiya, sannan ka durƙusa kana kwance tayar. Wani kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya baro hanyarsa ya bi ta kanka da motar. Waɗanda suka gani sun ce idon mai tuƙin yana kan wayarsa.

Rana ta uku, muna zaune cikin gida da matarka Kellu, na jiyo muryar Ɗanƙarami, abokin sana’arka, daga rumfar maza. Ɗanka Khalid yake wa magana, wanda bai daɗe da karɓar takardar tuƙi ba. Ya ce, “Ɗana, ka gani dai. Duk tsantsenin mahaifinka, ga shi mota ce ta ɗauke shi. Kai ka saki jiki ka nemi abinci kamar kowa.” Kuma aka samu masu cewa haka ne.

Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai huce ba. A ƙofar gidan mamaci, kan tabarmarsa, ana koya wa ɗansa ganganci da sunan tawakkali. Wa ya gaya musu Yaya Ari ya kafa dokokinsa don ya tsere wa ajali? Ya fi su sanin cewa rai na Allah ne. Abin da ya ƙi shi ne ran wani ya salwanta ta hannunsa. Wanda ya kashe shi kuwa irin sakin jikin da suke wa yaron nan huɗuba da shi ya yi.

Ban fita na ba su amsa ba, Inna Fanta mai gyaɗa ce ta ba su. Tsohuwar nan da ta fi kowa yi maka tsiya ta zo tun daga Hamdara, ta tsaya bakin rumfa ta ce, “Ran nan ma sai da na zage shi, na ce ƙafata na ciwo, ba na sauka. Ya ce, Inna, ko goya ki ne sai na yi. Ku je ku dubi kujerar da nake zaune a kai, in kun gane ta.”

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don cikin mutanen nan Khalid zai yi rayuwarsa. Sai shekaranjiya, da zai fara fita da motar wani, ya shigo ya durƙusa gaban Kellu ya ce, “Inna, ina gwangwanin Baba?” Yana cikin kayanka da aka kawo mana, ya lotse, murfin da ƙyar yake buɗuwa. Ya ciro wayarka ya miƙa mata, ya kashe tasa, ya saka a ciki.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya sa kabarinka ya zama wurin hutu. Allah Ya ba Kellu da ’ya’yanka da dukan danginmu haƙurin wannan rashi. Allah Ya shiryi masu tuƙi da wasa. Khalid kuma, Allah Ya ba shi ƙarfin zuciyar jure dariyar da ka jure. Amin.